Azumin da Muka Kai Baba Bauchi

Bana azumi biyu sun sake haɗuwa, na Musulmi da namu na kwana arba'in, kuma suka faɗo a tsakiyar bazara. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar shagona a nan unguwar Television ta Kaduna ina fifita da murfin kwali, ɗana Ayuba da abokansa suka cika mini benci suna shawarar tafiya. Kwalejinsu ta kai wasan ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta manyan makarantu, suna so su bi 'yan wasan su mara musu baya. Wannan ya ce mai ya yi tsada, wancan ya ce zafin nan sai ya kashe mutum a hanya, wani ya ce ai za a nuna a waya. Kafin in gama auna wa wata mata shinkafa sun riga sun yanke shawara, kowa ya kalla a ɗakinsa.

Na ce, "Ku tashi mini daga benci."

Ayuba ya ce, "Haba Mama, me muka yi?"

"Ba ku yi komai ba. Shi ne laifinku."

Suka yi dariya suka watse, ni kuwa raina ya ɓaci da gaske. Wancan zagayen da azumin nan biyu suka haɗu cikin irin wannan zafi, shekara talatin da 'yan kai ke nan, ni Saratu na cika bas na kai ta har Bauchi kallon ƙwallon kwando, a lokacin da ake neman man fetur ido rufe a Kaduna.

Ina da shekara ashirin da huɗu. Mamarmu Saraya ta rasu, ni ke riƙe da gida, ina sayar da kunun zaƙi da zoɓo a bakin titi. Ƙanena Yakubu yana kwaleji, dogo ne har ya wuce misali, kuma shi ne kan gaba a 'yan wasan makarantarsu. Baba ya yi ritaya daga masaƙa, ya yi ta sintiri har ya samo masa gurbin aiki a can. Yakubu ya ce shi sai ya gama karatu, kuma ba zai bar ƙwallo ba. Baba ya ce wanda ya fi ƙarfin aikin ubansa ya fi ƙarfin tuwon gidan ubansa. Yakubu ya ɗauki jakarsa ya koma ɗakin kwanan ɗalibai. Wata bakwai ba su haɗa ido ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kansu iri ɗaya ne, ni ce a tsakiya ina kai miya makaranta a ɓoye.

Ranar da na kai masa miya a farkon azumi, Yakubu ya gaya mini sun haye, za su buga wasan ƙarshe a Bauchi nan da sati uku. Na fara murna, sai ya ƙara da cewa, "Yaya, daga na gama jarrabawa Legas zan wuce. Me zan dawo yi a gidan da ake yi mini kallon ɗan iska?" Na san shi. In ya tafi a haka, ya tafi ke nan, sai dai a aiko mana da hotonsa. Na dawo gida a ƙafa, don babu mota, ina kuka ina jin haushinsu su biyun.

Na sami Baba a gindin mangwaron ƙofar gida tare da Malam Isa, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, direba ne mai bas ɗin haya. Baba dattijon coci ne, a kwana arba'in ɗin nan ko ruwa ba ya sha sai rana ta faɗi, don haka su biyun kan zauna da yamma leɓuna a bushe suna jiran abu ɗaya. Na durƙusa na faɗi labarin Bauchi.

Baba ya ce, "Wasan jefa ƙwallo a kwando? Wa ke kallonsa? Ko kare ba zai bar inuwa don shi ba."

Na ce, "Baba, mutane na kallo."

"To in mutane na kallo, ki cika mota ki nuna mini. In kika cika mota guda da masu hankali, cikin wannan wahalar, ta tashi daga nan zuwa Bauchi, ni ne na ƙarshen shiga."

Ya faɗa ne don ya rufe mini baki. Sai dai ya faɗa a gaban shaida, Baba kuwa bai taɓa yin amai ya lashe ba. Na juya na dubi Malam Isa. Ya shafa gemu ya ce, "Saratu, mota dai ga ta can, kwana goma ba ta motsa ba. Tankinta ya fi maƙogwarona bushewa. In kin samo mata abin sha, ni zan ja."

Wanda bai ga bazarar nan ba ba zai gane ba. Tun hantsi kwanon ɗaki ke fara ƙara, da azahar kuwa kwalta na kama takalmi. Kogin Kaduna ya janye har duwatsun cikinsa suka fito fili, yara na tsallakawa a ƙafa. Famfo ya yi shiru, rijiyar gidanmu sai an bar ta ta kwana kafin a sami guga huɗu na ruwa ja. Wuta kuwa a kawo ta minti kaɗan a ɗauke, ƙanƙara ta zama abin roƙo. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito da bokitai, sai iska ta watsa shi ta bar mu da gumi. Kananzir ma ya ɓace, na koma girki da garin katako, idona kullum ja.

Layin gidan mai ya fi kilomita, kuma dokarsa ɗaya ce. Mota ba ta tsayuwa ita kaɗai. In layi ya matsa babu mai tura taka, na baya ya zagaye ka, ba ka da bakin magana. Ga shi ko an kai kanka rabin tanki kawai ake ba kowa. Malam Isa ya ce zuwa da dawowa sai mun shiga layin sau huɗu.

Na bi unguwa gida-gida na tara masu son ƙwallo. Akwai samarin da ke taruwa a filin makarantar firamare, inda wani mai walda ya liƙa zoben ƙarfe a jikin falwaya, akwai teloli biyu, da wani mahauci, da malamin makaranta. Muka zauna a zauren Malam Isa muka raba layi. Ba wani wayo muka yi ba, jiki ne ya raba mana. Masu azumin Ramadan suna da ƙarfi bayan sahur, to su ne daga asuba har hantsi. Da rana ta take, mu da namu azumin ke barin yawancinmu mu sha ruwa sai mu karɓa har yamma. Ranar Juma'a mu ke nan gaba ɗaya, ranar Lahadi da safe su ke nan gaba ɗaya.

Ni kuwa ga yadda ranata take. In tashi da asuba in ja ruwan da ya taru, in dama kunu, in tace zoɓo, in share gida. In bi gidan wata mai firji a Unguwar Boro in roƙi ƙanƙara, wani lokaci a samu, wani lokaci a ce sai gobe. In ɗora bokiti a ka in nufi layi. A can nake ciniki, a can nake gadin mota. In aka yi ihu "An matsa!" sai in ajiye ludayi in sa kafaɗa a bayan bas ɗin tare da maza. Ƙarfen ya yi zafi har sai mun naɗe hannu da tsumma. Taku goma, a tsaya, a sa dutse a taya. Da yamma in koma in hura garin katako, in kai wa Baba kunun tsamiya daidai lokacin da ake kiran sallar magariba, matar Malam Isa ta miƙo ƙosai ta saman katanga, ni in miƙa mata zoɓo.

Kwana uku muka yi kafin mu kai bakin famfon mai a karon farko. Muka turo motar bayan gida ba tare da an tada ta ba, Malam Isa ya sa tiyo a tanki zai zuƙa, sai ya tuna yana azumi, ya miƙa wa malamin makaranta. Shi kuwa ya zuƙa da ƙarfi ya haɗiyi rabonsa, ya yini yana gyatsar fetur, muka hana shi zuwa kusa da murhu. Muka juye a jarkoki, muka haƙa rami a bayan gida nesa da kicin muka binne. Sannan muka sake tura motar zuwa wutsiyar layi.

Mutane sun yi magana, ba su rage komai ba. Matan unguwa suka ce ga budurwa ta zama kwandasta, wa zai aure ta. 'Yan bumburutu suka riƙa bin Malam Isa har masallaci wai ya sayar musu, ga Salla tafe, yaransa ba su da sabbin kaya. Ya ce musu man ba nasa ba ne, na masu kafaɗa ne. Wani dattijo ya tare ni ya ce, "Mutane na neman man kai mara lafiya asibiti, ku kuna neman na kallon wasa." Na ce masa, "Baba, ni ma mara lafiya zan kai." Bai gane ba, ban kuma tsaya yi masa bayani ba. Shi Babanmu ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Amma na lura ya daina zama a gindin mangwaro, ya mayar da kujerarsa inda yake hango titi.

Karo na biyu kwana huɗu, na uku kwana biyar. A na huɗu muka shekara, kwana shida muna turawa. Ana gobe tafiya, da azahar, saura mota biyu a gabanmu, mai zuba man ya ɗaga bakin famfon sama ya girgiza shi. Ya ƙare. Wani direba ya kwanta a kwalta yana birgima. Ni ban yi kuka ba, zama na yi a ƙasa na ji kaina na juyawa.

Malam Isa ya ce abin da muka binne zai kai mu, zai kuma dawo da mu wajen Jos, daga nan sai ikon Allah. Nan take jama'a suka fara zamewa. Tela ɗaya ya tuna ɗinkin Salla, mahauci ya ce matarsa ba ta jin daɗi, samari huɗu suka ce iyayensu sun hana. Bas mai cin mutum goma sha takwas, muka koma mu tara. Baba ya ce mota cike, ba rabi ba.

Na ce, "Malam, in mun je dawowa ta Allah ce. Kai dai za ka ja?"

Ya ce, "Ni sati uku ina gasuwa a layi. Ko ni kaɗai ne sai na ga abin da Yakubu ke yi da wannan tsawon."

Ranar da yamma matan zumunta na koyon waƙar Ista a coci. Na shiga da ƙafafuna duk baƙin mai na durƙusa gaban shugabarsu, Mama Talatu, ƙawar Mama ce tun suna 'yan mata. Na gaya mata komai, har maganar Legas. Ta ce, "Shi wasan yaya ake yinsa?" Na ce in ƙwallo ta shiga kwando a yi guɗa, shi ke nan. Ta juya ta dubi matan ta ce, "Ɗan Saraya ne. Wa da wa za su?" Mata bakwai suka ɗaga hannu, ita ce ta takwas.

Da gari ya waye bas ta tsaya a ƙofar gidanmu, ga mata da zanen zumunta iri ɗaya, da tulunan kiɗansu da caki a cinya, ga jarkoki ɗaure a sama. Baba ya fito da buta a hannu. Ya zagaya motar yana leƙa kowace taga yana ƙirga kawuna. Ya ce, "Saura kujera ɗaya."

Mama Talatu ta ce, "Taka ce, Baban Saratu. Ko ka fasa?"

Ya shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, ya sami hanyar zillewa. Sai ga shi da babbar rigarsa ta zuwa coci da hula, ya zauna gaba kusa da direba.

Hanya ta ba mu wuya. Duk gangara Malam Isa sai ya kashe inji ya bar motar ta sulala, duk hawa sai mu yi ta addu'a, kowa da irin tasa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Aka ce wa Malam Isa ai matafiyi an yi masa rangwame, ya sha ruwa ya rama daga baya. Ya nuna Baba da haɓa ya ce, "In wannan tsohon ya sha, ni ma zan sha." Baba ya kau da kai. Haka suka kai mu Bauchi, su biyun ba wanda ya haɗiyi komai sai yawu. Dawowa kuwa kwana biyu muka yi a layin wani gidan mai a can, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Filin a waje yake, siminti ne tsirara, an fara wasa bayan azahar. Abokan karawar 'yan kusa ne, magoya bayansu sun cika ɓangare uku. Mu muka maƙale a kusurwa ɗaya, mu goma sha takwas. Masu azumin Ramadan muryarsu ta riga ta tafi, sai suka ɗauki jarkokin da muka juye a hanya suna bugu, mata suka kafa tuluna. Yakubu ya fito yana ɗumama jiki, ya ji kiɗan coci a filin ƙwallo, ya waiwayo. Ya gan ni ya yi dariya. Sannan ya ga hular da ke bayana, dariyar ta tsaya, ƙwallon ta suɓuce masa daga hannu.

Laifina ne da ban yi wa matan cikakken bayani ba. Ƙwallon farko abokan karawa ne suka jefa, Mama Talatu ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa da caki. Filin duk ya juyo yana kallonmu ana dariya. Na yi ta ɗaga hannu, "Ba namu ba ne! Namu kwandon hagu!" Suka gane, suka riƙe hagu gam. Aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo, 'yan wasa suka sauya ɓangare kamar yadda ake yi, ni kuwa hankalina na kan Yakubu na manta in faɗa. Abokan karawa suka jefa a hagu, matan suka miƙe da rawa.

Sai na ji murya a bayana, a shaƙe, "Ku zauna! Sun juya! Namu dama ne yanzu!"

Baba ne. Mutumin da ya ce ko kare ba zai kalla ba, ashe tun ɗazu yana bin komai. Mama Talatu ta ce, "Au, ashe ka iya?" Ya ce, "Ki duba gabanki."

Daga nan bai sake jingina ba. In Yakubu ya yi tsalle sai in ga gwiwar Baba ta motsa. Aka ture yaron ya faɗi a simintin nan mai zafi, fatar hannunsa ta saɓule, ya tashi ya ci gaba, Baba ya cire hula ya matse ta a hannu. Saura kaɗan a tashi suna gabanmu da maki biyu, ƙwallo ta zo hannun Yakubu, mutum biyu suka rufe shi. Baba ya miƙe tsaye, da maƙogwaron da bai ga ruwa ba tun jiya, ya kwarara ihu har na ɓangaren can suka ji: "Na Saraya! Tashi sama!" Rabon da in ji sunan Mama a bakinsa tun ranar jana'izarta.

Yakubu ya tashi ya jefa. Ƙwallon ta zagaya bakin zoben ta faɗo waje. Alƙalin wasa ya busa.

Mun sha kashi, ba na ɓoyewa, kuma duk wanda ya ce mun yi asarar kafaɗunmu bai san abin da muka je nema ba. Su suna can suna ɗaga kofi, matanmu suka ci gaba da kiɗa kamar mu muka ci, ba wanda ya iya hana su. Yakubu ya tako zuwa kusurwarmu, kai a ƙasa, jini na bin hannunsa. Ya zo gaban Baba zai durƙusa, Baba ya riƙe masa hannu ya hana shi. Baba ya ɗaga kai yana kallonsa, ya daɗe, kamar yau ya fara ganinsa.

Muryar Baba ta dishe, sai da muka matso muka ji.

"Kai, yaushe ka yi wannan tsawon?"

Kafin Yakubu ya amsa, Baba ya ci gaba.

"Ka zo gida ranar Ista. Kafin nan zan kira magini ya ɗaga ƙofar ɗakinka. Ba ka ƙara shiga gidana a sunkuye."